Daga Zaure Zuwa Kanta: Yadda Birnin Zariya Ke Kallon Ɗan Sanda

Idan aka fasa shagon tela a cikin Birnin Zariya ana saura kwana goma Sallah, aka kwashe shaddojin mutane har da kan keken ɗinki, ba ofishin 'yan sanda mai shagon zai fara dosa ba. Maƙwabta zai fara tambaya, musamman waɗanda suka riga kowa fitowa sallar Asuba. Daga nan sai shugaban 'yan sintirin layin, wanda kowane gida ke ba kuɗin wata, a ji inda yaransa suke lokacin da ake ɓalle kwaɗo. Sai mai unguwa. In zargi ya faɗa kan yaron wani gida da aka sani, sai a nemi liman ko wani dattijo da uban yaron ke jin nauyinsa, a zauna a zaure bayan Isha'i, a yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji daga cikin gida ba. Sai duk waɗannan hanyoyi sun toshe za ka ji wani ya ce, "To, sai dai a kai ofis." Sau da yawa ma kafin a kai nan telan ya riga ya yi lissafin abin da zuwa ofis zai ci masa, ya auna da kuɗin shaddar, ya ce ya bar wa Allah, ya shiga bin masu kaya gida-gida yana ba da haƙuri.

Duk mai son sanin matsayin ɗan sanda a Kwarbai, ko Ƙaura, ko Unguwar Juma, ko Limancin Kona, to ya dubi wannan jeri ya ga inda aka ajiye shi. Abin bai kai ƙiyayya ba. 'Ya'yan Birni da yawa suna cikin aikin, kuma duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata za ka tarar da samari sun cika shagunan intanet suna cike fom. Daren da 'yan bindiga suka matso bakin ganuwa, lambar baturen 'yan sanda ake nema ido rufe. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda irin ta yau da kullum, wato mutum ya ɗauki ƙaramar damuwarsa ya kai ofis yana da tabbacin ba zai dawo da wadda ta fi ta girma ba.

Haka abin yake a ƙasar baki ɗaya. A binciken da ƙungiyar Afrobarometer ta yi a Najeriya a 2022, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tambaya sun ce yawancin 'yan sanda, ko ma dukkansu, suna cin hanci. Waɗanda suka ce sun amince da su kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun gano cewa a 2016, cikin kowane mutum ɗari da suka yi hulɗa da ɗan sanda, kimanin 46 sun ba da na goro ko an nema a hannunsu. A 2019 adadin ya sauko zuwa 33. An samu sauƙi, amma ko a lokacin ɗaya ne cikin uku. Yadda abin yake a jikin mutum kuwa, sai an je kanta ake gani.

Lissafin kanta

Mai ƙara ya shiga caji ofis ya yi sallama, an nuna masa benci. Wanda ke kanta zai saurare shi, wataƙila ma da fara'a, sannan a haɗa shi da mai bincike. Daga nan lissafi ya fara. Takardar rubuta bayani da fayil, shi zai saya. Za a je duba shagon da aka fasa, motar ofis ba mai, ko kuma tana wajen bakanike tun watan jiya, saboda haka shi zai zuba mai ko ya ɗauko shatar keke. In akwai waya cikin kayan da aka sace, za a ce ana iya bin sawunta, amma aikin na wasu ne a sama kuma ba kyauta suke yi ba. Gobe ya dawo, mai binciken ya tafi kotu. Jibi an tura shi aiki na musamman. Duk waɗannan kwanaki shago a rufe yake, ga masu ɗinki sun fara aiko yara.

A ce an yi sa'a an kama wanda ake zargi. A nan ne wani nauyin ke faɗowa, wanda baƙo ba zai gane ba. Birni gari ne na dangi da surukai; gidajen da ke lungu ɗaya sun daɗe suna aurar wa juna 'ya'ya tun zamanin kakanni. Yaron da aka rufe a bayan kanta, in an bi salsala, jikan ƙanwar kakar mai ƙarar ne. Kafin Magariba dattawa sun cika masa zaure: "Haba Malam, muna raye za ka kai ɗanmu hannun hukuma?" Ko da kayan sun fito, maganar ba ta mutuwa. Bayan shekaru in aka zo neman aure tsakanin gidajen biyu, sai wata gwaggo ta tuna cewa ai wane ne ya sa wane ya kwana a ofis. Zaman zaure kuwa da rufin asiri ake tashi: uba ya biya a hankali, yaro ya sha faɗa, a tura shi wajen kawunsa a Kano ko Legas ya koyi sana'a.

Ina ganin amfanin wannan tsari, kuma ina ganin inda yake cutarwa. Da irin wannan rufin asirin ake binne fyaɗen da aka yi wa ƙaramar yarinya, a ce kada a ɓata mata suna, wanda ya yi kuwa ya ci gaba da yawonsa a layin. Wannan laifi ya fi ƙarfin zaure. Yana ƙarewa a can ne saboda uwa ta san irin tambayoyin da za a yi wa 'yarta a gaban jama'a a kanta, da irin kuɗin da za a nema kafin a raka su asibiti.

A jikin bangon ofisoshin 'yan sanda a ko'ina cikin ƙasar nan an rubuta cewa beli kyauta ne. Babu abin da ya kai wannan rubutu zubar da mutuncin aikin, domin mutum yana karanta shi ne a daidai lokacin da ake ciniki da shi. An fi ganin haka washegarin samame. Da dare mota ta tsaya a majalisar samari ko teburin mai shayi, aka yi kamen kan mai uwa da wabi: ɗalibin da ya fito sayen burodi, yaron kafinta da ya taso daga aiki, da kuma, gaskiya, biyu ko uku daga cikin masu ƙwacen waya da unguwa ta gaji da su. Da safe iyaye sun yi layi. Kowa da farashinsa gwargwadon rigar ubansa. Kafin Azahar ɗalibin ya fito, mai ƙwacen wayar ma ya fito, sun biya kusan kuɗi ɗaya. Unguwa tana kallo. Wanda ya yi niyyar tsegunta wa 'yan sanda inda ake ɓoye wuƙaƙe ya ga wanda zai tona yana zaune a kan dakalin da aka ɗauke shi jiya, sai ya haɗiye maganarsa.

Cikin masu layin nan akwai matar da mijinta ya rasu, ko yana can wajen neman abinci a Kudu. Ta sa hijabi ta fito, ita da ba ta saba zuwa ko kasuwa ba, don ta tsaya wa ɗanta, sai a ce mata ta je ta nemo namiji. Akwai kuma dattijon da aka zo neman ɗansa ba a same shi ba, aka tafi da shi a madadinsa, "in ya ji an kama ka zai fito."

Duk waɗannan doka ta hana su, kuma ba a ɓoye take ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, kuma babu lungun Birni da ya yi wa kotu wannan nisa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba za a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce ba, Jihar Kaduna ma ta yi tata irin wannan doka a 2017. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawa ta 1943, kuma sashenta na 36 ya haramta kama wani a madadin wani ƙarara. Ta wajabta a sanar da dangin wanda aka kama ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan hannun jama'a ya fi shiga dumu-dumu. Akwai masu zuwa ofis da gudu, ba sa jiran zaure: mai kuɗin da yake bin wani bashi, wanda aka fasa aurensa yana neman kayan lefe, masu rikicin iyakar fili a sababbin unguwannin bayan ganuwa. "Zan sa a rufe ka" magana ce da ake faɗa a bainar jama'a, kuma sau da yawa mai faɗarta yana cika alkawari. Duk ranar da aka rufe talaka a kan bashi, yaran unguwa suna koyon darasi guda, cewa ɗan sanda na wanda ya riga biya ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke miƙa naira ɗari biyu a shingen bincike tun kafin a tambayi takardu, domin mun san babu su. Manyanmu ne ke buga waya tsakar dare a saki yaron da ya sari wani, don za a buƙace shi ranar zaɓe.

Shi ma wanda ke bayan kantar yana da nasa lissafin. 'Yan sandan Najeriya wajen 370,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200. A 2018 Mike Okiro, wanda ya taɓa zama Sufeto Janar kuma a lokacin yake shugabantar Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ya ce sama da 150,000 daga cikinsu suna gadin manyan mutane ne. Sufeto Janar bayan Sufeto Janar sun yi alkawarin janye su. A Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna yadda kurata ke kwana da yadda suke cin abinci a Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja, abin ya yi munin da sai da Shugaba Goodluck Jonathan ya je da kansa ya gani. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja kan kuɗin fansho, 'yan reshen Kaduna na cikin waɗanda suka ja gaba. Kofur ɗin da ke kallon abin da aka ba saje bayan shekara 35 yana aiki ya san abin da ke jiransa. Kuɗin tafiyar da ofis da ke isowa hannun baturen 'yan sanda bai taka kara ya karya ba, kuma ana so motarsa ta yi sintiri kowane dare. Wannan ba ya halatta karɓar kuɗin beli daga hannun bazawara. Yana dai nuna cewa tsarin da kansa ya jingina ofishin a kan aljihun mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma waɗanda suka tsara kasafin sun san haka.

Zamanin 'yan doka

Tsofaffin Birni sukan ce da ba haka abin yake ba. Suna da gaskiya, amma rabinta.

Kafin Turawa su kafa sansani a Zariya a 1902, tsaron gari yana hannun Sarki ne ta hanyar dogarai, da masu unguwanni, da masu tsaron ƙofofi, waɗanda ke rufe Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauransu in dare ya yi. Baƙo ba ya kwana sai an san mai masaukinsa. Turawa ba su rushe wannan ba, sun ɗora mulkinsu a kai. Daga shekarun 1920 aka riƙa mayar da wani sashe na aikin dogarai zuwa rundunar En'e mai kaki da fareti, wadda aka fi sani da 'yan doka, kuma a masarautu da dama 'ya'yan sarauta aka ɗora a kanta. Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano kafin ya zama Sarki a 1963.

A gefe guda kuma akwai 'yan sandan gwamnati, masu tarihi dabam. Tushensu Legas ne, inda Turawa suka tara dakaru daga cikin Hausawan da ke can tun shekarun 1860, har aka kafa runduna mai ɗauke da sunan Hausa a 1879. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare mutanen da bai haɗa komai da su ba, don kada tausayi ya hana shi aiki. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama 'yan sandan Najeriya. A lardin Zazzau harkarsu ta fi yawa a Sabon Gari, da tashar jirgin ƙasa, da unguwar Turawa. Cikin ganuwa na ɗan doka ne.

Ɗan doka ya san kowa, kowa ya san shi. Ya san gidan da ɓarawo zai kai kaya, ya san uwarsa. In ya yi zalunci akwai zauren da za a kai ƙararsa, domin shi ma ɗan wani ne a garin. Wannan shi ne rabin da ake tunawa. Ɗaya rabin kuwa, 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk a hannu ɗaya suke. Su ke raka masu karɓar haraji da jangali, kuma da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, su aka saki a kan 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU a nan Zariya tana 'yar shekara 17, ana ƙirga an ɗaure ta sau 16, ban da duka da wulaƙanci. Yau babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, kuma da yawa cikin matan da ke zuwa awo a can ba su san irin hannun da ya riƙa jan ta zuwa kurkuku ba.

Irin wannan amfani da 'yan doka a Arewa, da takwarorinsu a Yamma, shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe su, aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Kotuna da gidajen yari ma aka fitar da su daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Yau sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki ya ce runduna ɗaya ce tak a ƙasar. Birni ya rabu da ɗan sandan da ya san shi amma yake yi wa fada aiki, ya samu wanda umarninsa da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa duk daga Kaduna da Abuja suke zuwa. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli, da hakimansa da masu unguwanninsa, suna da kunnen jama'a, amma ba su da ikon ko da tambayar dalilin da ya sa aka tsare wani kwana huɗu. Baturen 'yan sanda yana da ikon, sai dai kafin ya gama sanin lungunan Birni, waɗanda wasunsu ko mota ba ta shiga, an ɗauke shi an kawo wani.

Dare a bakin ganuwa

A Oktoban 2020, lokacin da matasan Kudu suka cika tituna suna neman a rushe rundunar SARS, har Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rushe ta ranar 11 ga watan, gwamnonin Arewa cewa suka yi su suna da buƙatarta. Matasan Arewa da suka fito kuwa kukan rashin tsaro suka fi yi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin alamar Arewa ta gamsu da 'yan sanda. Kuskure ne. Mutanen da ake sacewa a gona da kan hanya suna kukan rashin ɗan sanda a inda ake buƙatarsa, a lokaci guda kuma suna kukan halinsa a inda yake.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna wa Zariya haka a fili. Daren 10 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, suka kwashi ɗalibai da malamai, ɗalibi ɗaya ya rasa ransa. A cikin watan dai aka shiga gidaje a yankin Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona aka tafi da mutane. Farkon Yuli suka far wa cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye, suka kuma buɗe wa ofishin 'yan sandan yankin wuta a daren. A Nuwamba aka sace ma'aikatan Ƙaramar Hukumar Zariya 13 a hanyar Giwa, za su gaisuwar mutuwa. Mutanen da ke zaune a gidajen bakin ganuwa suka koyi barci da kunne ɗaya. Masu hali suka koma tsakiyar gari wajen dangi.

A wannan lokaci ne kalmar infoma ta shiga bakin kowa, kuma ta ƙara dagula abin. Hukuma na cewa jama'a su kawo bayani. Jama'a na tambayar wa zai ji cewa su suka kawo. Mutum ya ga baƙuwar fuska tana sayen burodi da man fetur fiye da ƙima, ya san abin da hakan ke nufi, amma yana tsoron kafin ya iso gida sunansa ya riga shi zuwa daji. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, tsoron kaɗai ya isa ya rufe baki. Wanda aka saba karɓar kuɗinsa a kan ƙaramar magana, da wuya ya ba da ransa amana a kan babba.

Akwai kuma tabon da ba 'yan sanda suka yi ba, amma ya shafi duk mai kaki. A Disambar 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Husainiyya da Gyallesu. Gwamnatin jihar da kanta ta shaida wa kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando. Kwamitin ya ba da shawarar a hukunta waɗanda suka wuce gona da iri, ba a ga an gurfanar da soja ko ɗaya ba. Ko waɗanda ba sa ga maciji da mabiyan Zakzaky, kuma suna da yawa a Birni, sun ga abin da ke faruwa idan mai bindigar gwamnati ya kashe mutum. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita ta sa'o'i 24, soja ya harbe yaro ɗan shekara 16 a Samaru, rundunar soja ta amsa. Ƙungiyar Amnesty ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar a jihohin Arewa, su kuma suka musanta. Sai ga ƙananan yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna suna faɗuwa don yunwa a kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, bayan kusan wata uku a tsare. Wayoyin Birni duk sun ga wannan bidiyo.

Giɓin da ya samu, 'yan sintiri suka cike shi. Da ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ka ji usur daga wannan lungu, a amsa daga wancan. Samari ne na unguwa, da tocila da gora, wani da adda, wani da bindigar toka, kuma sun san wanda ya kamata a gani a layin a wannan lokaci da wanda bai kamata ba. In an yi ihun ɓarawo su ke fara isowa, domin a nan suke. Gwamnatin jiha ta ga amfaninsu, ta kafa hukumar sintiri ta KADVS da dokar 2016, kuma a 2023 Gwamna Uba Sani ya sa aka ɗauki ƙarin mutum 7,000 aka horar da su a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna.

Jama'a sun fi sakin jiki da ɗan sintiri, kuma ina fahimtar dalili. Amma wanda ya taɓa ganin yadda ake tuhumar ɓarawon akuya a ofishin sintiri na unguwa, an ɗaure shi ta baya ana zuba masa dorina har ya amsa abin da ya yi da wanda bai yi ba, ya san cewa sanin juna kaɗai ba ya kawo adalci. Ɗan gida yakan samu sassauci, almajiri da baƙo su ke shan wuya. Mu da muka yi kukan mafarauta 16 'yan Arewa da 'yan banga da gungun mutane suka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, ya kamata mu tuna cewa su ma waɗanda suka tare su amintattun unguwarsu ne.

Wa zai ji ƙara?

Yanzu maganar 'yan sandan jihohi ta yi ƙarfi. Kwamitin jam'iyyar APC da Malam Nasir El-Rufai ya jagoranta ya ba da shawarar kafa su tun 2018. Uba Sani ya gabatar da ƙudurori a kai yana majalisar dattawa, kuma a Disambar 2024 shi ya fito daga taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ya shaida wa 'yan jarida cewa kusan dukkan jihohi sun amince. A majalisun Birni ra'ayi ya rabu. Matasa na ganin aikin yi da ɗan sandan da ke jin Hausa ya kuma san lungu. Dattawan da suka ga zamanin NEPU sukan girgiza kai, su tambayi wanda zai riƙe linzamin ranar zaɓe.

Ina tare da masu son ɗan sanda ya zama na kusa, amma kusanci ba zai gyara kanta ba in an bar ta yadda take. An riga an gwada sunaye iri-iri. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984. An buɗe sashen karɓar koke a hedikwatar Abuja a 2015 zamanin Solomon Arase. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don aikin 'yan sandan al'umma. Kwamitocin sukan cika da alhazan da dama can baturen 'yan sanda yana ɗaga wayarsu. Mai shayi da ɗan acaba da bazawarar da aka kora ta nemo namiji ba su da kujera a ciki, kuma su ne ke kwana a benci.

Abin da zai taɓa su kai tsaye yana cikin dokar 2020 ɗin nan. Ta ce kowane ofishin yanki ya samu ɗan sanda lauya mai lura da haƙƙin waɗanda aka kama. Ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa, ya ba da belin wanda ya cancanta nan take. Abin da ya kamata a ƙara a kan wannan shi ne a sanar da ranar zuwansa a masallatan Juma'a yadda ake sanar da allurar rigakafi, masu unguwanni su zo da sunayen yaransu da aka kama cikin watan da abin da iyaye suka ce an karɓa, a ware mace ma'aikaciya da ɗaki mai ƙofa don ƙarar mata da yara, a kuma liƙa a bango nawa gwamnati ta turo wa ofishin na mai da takarda, kusa da inda aka rubuta cewa beli kyauta ne. Masarauta da reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya suna da bakin da za su nemi Babban Jojin jiha ya sa a fara ziyarar a kan ƙa'ida, ba sai an jira gyaran Kundin Tsarin Mulki ba.